Sifirin Mai Jan Farce

Akwai wani mutum a kulob ɗinmu na harbin allo, sunansa Darcy Brannock. Ya ba arba'in baya, direban manyan motocin ɗaukar kwal ne a mahaƙa. Sati biyu yana can, sati ɗaya yana gida.

Ba mugun mutum ba ne. Ciwonsa ɗaya: duk abin da ya kalla a waya da safe, kafin rana ta take ya fi kowa saninsa.

Ubansa, marigayi Col Brannock, ya yi shekara talatin a kulob ɗin nan. Da ya rasu bara waccan, ya bar wa Darcy ƙaramar bindigarsa mai sarrafa kanta, da injin ɗura harsashi, da awon albarushin da ya rubuta da fensir a jikin bangon rumfarsa. Bindigar ta tsufa. Mariƙinta ya goge ya yi santsi daidai inda babban yatsan Col yake zama. Saboda ita kaɗai Darcy ya yi lasisi.

Kun dai san doka. Mai riƙe da ƙaramar bindiga don wasa sai ya shiga gasa shida a shekara, an sa masa hannu a kati, kafin Yuni ya ƙare. In bai cika ba, kulob ya miƙa sunansa, lasisi ya girgiza, bindiga ta bar gidansa.

Darcy biyar ya yi. Aiki ya cinye sauran. Gasar ƙarshe ta faɗo ranar Lahadin ƙarshen Yuni, kuma Litinin da asuba zai koma mahaƙa. Ko dai ya kammala ranar nan, ko ya rabu da bindigar ubansa.

Ranar da safe an yi sanyi mai shiga ƙashi, don a ƙasarmu Yuni lokacin hunturu ne. Ina ɗakin abinci ina yanka albasa, taga a buɗe, teburin kwance bindiga yana daidai gabana. Don haka abin da zan faɗa muku da idona na gani.

Darcy ya iso da wani ɗan kwali mai sheƙi. Ya ajiye shi a tebur yadda kowa zai gani.

"Ku matso ku ga kayan zamani," in ji shi. "Daga ƙasar waje na yi odarsa. Sabon sifirin, da sandarsa. Ɗauki sandar nan ka ji nauyi, Gus. Da wannan, bindiga ba za ta ƙara zabura a hannuna ba."

Gus Petrakis shi ne alƙalin filinmu, tsohon makanikin tarakta. Ya jinjina sandar a tafin hannu, ya taɓe baki.

"Nauyi kam akwai shi. In bindigar ta ƙi tashi, ka jefi allon da ita."

Aka yi dariya. Darcy bai yi ba.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan bindiga ba: a ƙarƙashin bututunta akwai sifirin nannaɗe jikin wata 'yar sandar ƙarfe. In ka harba, ƙarfin albarushi ya tura murfin sama baya, ya tofar da kwanson harsashin. Sai sifirin ya dawo da murfin gaba, ya ɗauko sabo. Ja-in-ja ne tsakanin albarushi da sifirin. In ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, aiki ya tsaya. Ba ya buƙatar digiri.

Darcy ya kwance bindigar, ya zaro tsohon sifirin. A ƙarshensa akwai ɗigon jan fenti.

A nan Noelene Tuckwell ta ƙaraso. Shekararta saba'in da uku, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gonar shanunsu har yau. Ba ta zuwa fili sai da wani tsohon gwangwanin biskit a hammata. A ciki sifirin ne iri-iri, kowanne da ɗigon jan farce a kansa, wani ja, wani shuɗi, wani ruwan hoda. Sifirin ba ya zuwa da rubutu a jikinsa. In ka fitar da shi daga leda ka haɗa da wani, uban da ya ƙera shi ma ba zai bambance su da ido ba. Shi ya sa take shafa musu launi.

Ta leƙa kwalin Darcy, ta karanta bayansa a hankali, leɓenta yana motsi.

"Ƙarfin sifirin nan laba goma sha takwas ne," ta ce. "Darcy, da wane harsashi za ka harba?"

"Da na kullum. Awon Baba."

"Awon ubanka sassauƙa ne. Tun da kafaɗarsa ta fara ciwo ya rage albarushi. Ba zai iya tura wannan ba."

"Mutumin da ke bidiyon ya ce in sifirin ya yi ƙarfi, bindiga ta fi kwanciya."

"Mutumin da ke bidiyon ya san abin da ke cikin harsashinka?"

Darcy ya yi murmushi irin wanda ake yi wa wadda ta fara ruɗewa.

"Haba Kaka. Wannan injiniyoyi suka zauna suka ƙera. Ke kuma da jan farce kike aiki. Nan filin harbi ne, ba shagon kwalliya ba."

Wasu suka sunkuyar da kai. Noelene ba ta ɗaga murya ba.

"To. Aƙalla ka je filin gefe ka yi hamsin ɗinka."

Wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma kowa a kulob ya san shi. Duk sabon abin da ka saka wa bindiga, ko da ɗan kusa ne, sai ka harba hamsin a filin gefe kafin ka shiga gasa da shi. Col ma ya tarar da al'adar.

"Hamsin?" Darcy ya ce. "In ƙona harsashi hamsin a banza cikin sanyin nan? Kamfanin ya riga ya gwada."

Ya jefa tsohuwar sandar cikin aljihun jakarsa. Tsohon sifirin kuwa, mai ɗigon ja, ya cilla shi cikin durom ɗin shara daga nesa. Ya faɗa daidai. Har ya ɗaga hannu kamar ya ci ƙwallo.

Noelene ta dubi durom ɗin, ta dube shi, ta gyara gwangwaninta ta wuce.

Ƙarfe tara aka jera rukunin farko. Gasar harbi casa'in ce, zango-zango, kowane zango da lokacinsa. Darcy yana layi na huɗu, Noelene tana na biyar, kafaɗa da kafaɗa.

Gus ya ba da umarni. Ƙararrawa ta buga.

Tau! Harbin farko ya fita. Na biyu shiru. Kwanson ya maƙale a bakin murfi, a tsaye, kamar sigari a bakin ɗan tasha. Darcy ya fizge shi, ya sake saiti. Tau! Ya sake maƙalewa. Kafin ya gama kokawa, lokaci ya cika. Noelene ta riga ta sauke hannu, shida ɗinta duk suna tsakiyar allo.

"Sabo ne," Darcy ya ce da ƙarfi, ba wanda ya tambaye shi. "Zai saki jiki."

Bai saki ba. Zango na biyu haka. A na uku, kwanson ya cije ciki sosai. Fuskar Darcy ta yi jawur. Ya kama murfin da hannun hagu yana jijjiga, yana zagi ƙasa-ƙasa. Garin jijjigar, bakin bindigar ya fara barin allo, yana karkatowa dama, wajen da Noelene take tsaye.

"TSAYA!"

Muryar Gus har ɗakin abinci ta girgiza mini kofuna. Kowa ya daskare.

"Baki gaba! Yatsa waje! Cire gidan harsashi. Nuna mini babu komai a ciki."

Darcy ya yi yadda aka ce. Gus ya matso dab da kunnensa, amma duk mun ji.

"Saura kamu ɗaya ka tsallake iyakar da aka yarda bakin bindiga ya karkata. Da ka tsallake, da yanzu kana hanyar gida, ba kati ba sa hannu. Ba ka tsallake ba, shi ya cece ka. Amma bindigar nan ta sauka daga filina. Akwai rukunin ƙarshe da ƙarfe biyu. Ka zo da ita a gyare, ka fara daga farko. In ba haka ba, kada in gan ka."

"Gus, ka san ita ce ta shida ɗina."

"Na sani, abokina. Ni na binne ubanka tare da kai. Amma ba na sa hannu a kan gasar da ba a yi ba."

Darcy ya tambayi bindigar aro ta kulob. Tana wajen gyara tun watan jiya. Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ga wani abin yi a cikin jakarsa. Wa zai ba ka bindigarsa bayan ya ga bakin taka yana yawo?

Ya buga waya shagon bindigogi na birnin Rockhampton. Lahadi ce, ba wanda ya ɗauka. Ko da sun ɗauka, tafiyar awa uku ce zuwa kawai.

Sai ya tuna da durom.

To, kafin lokacin na riga na juye ɓawon albasa a ciki, da ganyen shayi, da man suyar jiya. Ban yi da gangan ba, durom ɗin shara ne. Na tsaya a taga ina kallon ƙaton mutum ya naɗe hannun riga yana tono har gwiwar hannu. Ya kife durom ɗin gaba ɗaya a ƙasa. Babu sifirin.

"In ka gama, ka kwashe mini," na ce masa. "Ga tsintsiya nan."

Ya kwashe. Ya mayar da durom ɗin wurinsa.

Sha biyu ta yi, aka tashi cin abinci. Sosej da burodi da soyayyar albasa, kamar kullum. Noelene tana zaune a benci a rana da kofin shayinta, gwangwani a gefe. Ta gama gasarta, ta wanke hannu. Darcy ya zagaya ta sau biyu kamar mai neman abin da ya faɗi. A na uku ya tsaya.

"Kaka, ko kin ga…"

"Ban haifi uwarka ba, ban haifi ubanka ba."

Darcy ya gyara tsayuwa. Ya cire hularsa.

"Gwaggo Noelene."

Haka yake kiranta tun yana ƙarami, lokacin da take ba shi kek a bayan motar ubansa. Ya kai shekara ashirin bai faɗa ba.

"Ina jin ka."

"Na yi rashin kunya da safe. A gaban mutane na yi, shi ya sa nake faɗa a gaban mutane. Kuma bakin bindigar nan wajenki ya nufa. Wannan ya fi komai damuna."

"Ya kamata ya dame ka. Zauna. Kana warin albasa."

Ta buɗe gwangwanin. A saman komai ga tsohon sifirin Col, mai ɗigon ja. Tun kafin a fara gasa ta ciro shi daga shara.

Darcy ya miƙa hannu da sauri. Ta buge hannun.

"Wannan ya gama aiki. A nan ka yi gaskiya, kuma ba na hana mutum gaskiyarsa." Ta ciro wani sabo fil a leda, ta jera su biyu a kan benci. Tsohon ya gaza sabon da faɗin yatsa. "Ka gani? Ya gaji, ya tsuke. Lokacin canza shi ya yi. Kuskurenka, ba ka tambayi me za ka canza shi da shi ba. Ja, laba goma ke nan. Shuɗi sha biyu. Da ka tambaye ni me jan yake nufi, da minti ɗaya ya ishe mu."

Ta juya murfin gwangwanin. A cikinsa an ƙarce sunaye da ƙusa. Na uku daga sama: Col, ja.

"Idon ubanka ya yi rauni a ƙarshe. Ya taɓa rikita sifirin biyu a nan teburin, ya yi kwana uku yana zagin bindiga. Ni na ɗiga masa jan nan. Wannan sabon kuma shi ya ce in haɗa masa cikin odata, in ajiye sai ya fito asibiti." Ta tura ledar gabansa. "Bai zo ya karɓa ba."

Darcy ya daɗe yana kallon ledar. Masu cin abinci suka ajiye burodinsu. Ni ma na bar juya albasa.

"Tashi," ta ce. "Sha biyu da rabi ta wuce. Hamsin."

"Gwaggo, lokaci ya ƙure. In yi goma mana, in ta tafi daidai shi ke nan."

Ta ɗauke ledar ta mayar cikin gwangwani, ta rufe.

"Hamsin! Hamsin zan yi!"

A teburin kwance bindiga ya sake wata gardamar, amma a hankali wannan karon. Ya ce ko zai iya barin sabuwar sandar mai nauyi, ya saka sifirin ja a kanta. Abin ya ba shi sha'awa, ya yi sati uku yana jiran ta a gidan waya.

Noelene ta ɗaga kafaɗa. "Ban san ta ba. Abin da ban sani ba, ba na yanke masa hukunci. Hamsin za ta faɗa mana."

Suka tafi filin gefe, Gus ya bi su da burodinsa a hannu don ya tsaya musu. Goman farko ta fita sumul. Darcy ya juyo yana washe baki.

"Kin gani? Da goma ma ta isa."

"Ci gaba."

Ashirin lafiya. A na ashirin da uku murfin ya tsaya a rabin hanya, bai koma gaba ba. Darcy ya tura shi, ya sake. A na ashirin da biyar ya sake cijewa.

Wannan karon bai jijjiga komai ba. Ya bar baki gaba, ya cire gidan harsashi, ya nuna wa Gus, suka koma tebur. Noelene ta zaro sandar ta ɗaga ta a rana. Ga zane-zane masu ƙyalli a jikinta, inda sifirin yake gurza. Ta fi ta Col kauri da abin da bai kai gashin kai uku ba. Da sanyi tana wucewa. Da ƙarfe ya ɗauki zafi sai ta kama.

"Da ka tsaya a goma," in ji Gus, baki cike da burodi, "da a zango na huɗu za ka gane. A filina."

Darcy ya lalubo tsohuwar sandar ubansa daga aljihun jaka, ya goge ta da gefen rigarsa, ya mayar.

"Saura ashirin da biyar," ya ce.

"Saura hamsin," in ji Noelene. "Ka canza abu. Lissafi ya koma farko."

Ya dubi agogo. Ɗaya da ashirin. Ya ƙirga harsashin da ya rage a akwati, yana motsa baki. In ya ƙona hamsin, casa'in ɗin gasa za su rage da 'yan ƙalilan a kai. Ya ɗauki abin toshe kunnensa.

Hamsin suka fita, ɗaya bayan ɗaya, kwanso yana faɗuwa wuri ɗaya a damansa kamar ana zuba shi da hannu. Biyu saura minti shida ya gama.

"Saura abu ɗaya," Noelene ta ce. Ta ciro 'yar kwalbar jan farce daga gwangwani. "Sabon ba shi da alama. Kwance ka ɗiga masa da hannunka."

A gaban mutum goma sha biyar, direban motar da tayarta ta fi ɗaki tsawo ya tsaya yana shafa jan farce da ɗan burushi, harshe a waje. Hannun bai saba ba, ya shafa har da babban yatsansa.

"Ya yi maka kyau, 'yan mata," wani ya ce daga baya. "Sauran yatsun fa?"

"Ka jira in gama, in zo in yi maka naka," in ji Darcy. Wannan karon da shi aka yi dariyar.

Ƙarfe biyu ya shiga layi. Bai ci abinci ba, hannunsa ya gaji da harbi tun safe, rana tana dukan idonsa. Harbinsa ya watse a allo kamar an watsa wa kaji tsaba. Amma casa'in ɗin nan duk sun fita, ba ko ɗaya da ya maƙale.

Da aka rubuta sakamako a allon bango, sunansa ne na ƙarshe. Na Noelene na biyu daga sama. Gus ya karɓi katin Darcy, ya dube shi ta saman tabarau, ya sa hannu a gurbi na shida.

Darcy ya saka bindigar a akwatinta ya kulle. Sannan ya je wurin Noelene ya tambaye ta ko za ta bar masa tsohon sifirin. Ta ba shi. Ya saka a aljihun gaban rigarsa, ya maɓalle.

Na ajiye masa sosej biyu. Sun huce, haka ya ci su a tsaye.

Yanzu shekara guda ke nan. Gasarsa ta bana ya cika ta tun watan Maris. A kulob ba mai kiransa Darcy, sai Jan Farce, kuma yana amsawa. An ƙarce sunansa a murfin gwangwani, ƙarƙashin na ubansa.

Sandar mai nauyi kuwa tana nan, ba ta yi asara ba. Da ita Gus yake danne takardun sakamako in iska ta taso. Ya ce bai taɓa samun abin da ya kai ta iya wannan aikin ba.

Darasi: Sabon abu ba laifi ba ne, tsohon ma yana gajiya. Amma kafin ka cire abin da ka tarar yana aiki, ka tambayi wanda ya san dalilin da aka saka shi, ko da kana ganin ka fi shi karatu. Kuma duk abin da ka canza, ka gwada shi inda kuskure ba zai ci kowa ba, ka gwada har ƙarshe, ba rabi ba. Ku tura wa wanda kuka san yana da kwali mai sheƙi a hanya, kafin ranar gasarsa ta zo.